Littafin garke: gwajin shanun nama ruwa-biyu a Daɗin Kowa

14 ga Agusta, 2022

Yau muka gama tantance shanun da za su shiga aikin. Garken yana gefen Daɗin Kowa a ƙaramar hukumar Yamaltu-Deba, ba nisa da ruwan Gongola. Mata 30 muka ware, Bokoloji 18, Bunaji 12. Abin da nake nema shi ne sa wanda zai kai yanka kafin ya cika shekara 2, maimakon shekara 4 ko 5 da muke jira yanzu, kuma ba tare da kuɗin magani ya cinye ribar ba.

Likita ya ɗebi jinin kowace saniya don gwajin bakkale, 2 suka nuna. Cutar tana sa ɓari, tana kuma kama mutum ta ɗanyen nono, don haka babu batun barin su. Baffa, wanda ke riƙe da garken, ya ji zafin ɗaya daga ciki. Ya ce, "Alhaji, wannan fa ba ta taɓa ɓari ba." Na ce, "Baffa, jini ya nuna, in ta zauna za ta shafa wa saura." Ya yi shiru, can ya kwance ta da hannunsa.

Cikin 28 da suka rage, 20 za a yi musu barbara ta allura. Sauran 8 za su zauna da bijiminmu na Bokoloji. Su ne ma'auni: in ba a ga 'ya'yan gida suna girma a kan abinci ɗaya da ruwa ɗaya ba, ba za a san abin da baƙon jini ya ƙara ba.

2 ga Satumba, 2022

Iri biyu na tsayar, Brahman da Simmental.

Maƙwabta da yawa sun ɗauka Friesian zan saka, don shi aka fi ji. Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika a Zariya ta daɗe tana haɗa shi da Bunaji, amma wancan aikin madara ne. Ni nama nake so a cinya da gadon baya.

Brahman sa ne mai tozo kamar namu. An samar da shi a jihohin Texas da Louisiana na Amurka daga shanun Indiya irin su Guzerat da Gir da Nellore, kuma tun 1924 masu kiwonsa suke da ƙungiya, suna zaɓen mafi nama suna bar wa baya. Zafi ba ya damunsa. Sai dai tunda shi da Bokoloji dangin juna ne, ƙarfin da gaurayen jini ke bayarwa ba zai yi yawa ba. Ribar da za a samu ita ce ta shekarun da aka yi ana zaɓe. Simmental kuwa daga Siwizalan ya fito, ba shi da tozo, ƙato ne mai saurin girma. Nisan da ke tsakaninsa da shanunmu shi ne ke sa ɗan farko ya zarce matsakaicin iyayensa a girma da haihuwa. Wannan nisan kuma shi ne haɗarin, don kakanninsa ba su san bazarar Gombe ba, ba su san kaskarmu ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin Wakwa, tashar kiwo da ke kusa da Ngaundere a Kamaru. Tun shekarun 1950 aka kawo bijiman Brahman daga Amurka aka haɗa da Gudali na Adamawa, har irin da aka samu ya ɗauki sunan wurin. Sun yi girma yadda ake so, amma kirci ya addabe su fiye da Gudali tsantsa nesa ba kusa ba. Mai tozo ne, mai jure rana ne, duk da haka ciwon fatar ƙasar ya fi ƙarfinsa. Daga nan zuwa can ba wata duniya ba ce daban, don haka na rubuta kirci a saman jerin abin da za mu sa wa ido.

Simmental sai manyan Bokoloji da suka taɓa haihuwa aƙalla sau 2 za a sa wa, saboda girman ɗan. An yi allurar farko ta daidaita lokacin neman sa da safiyar yau. Ta biyu bayan kwana 11.

17 ga Satumba, 2022

An gama ɗura iri.

Wahalar tana wajen gane saniyar da ke neman sa. Shanunmu masu tozo ba sa daɗewa a kai, kuma galibi cikin dare suke nunawa. Baffa da ɗansa suka kwana a bakin shinge da tocila, duk wadda ta tsaya cak wata ta hau ta sai su shafa mata shuni a gadon baya. Wadda aka gani da asuba a yi mata da yamma, wadda aka gani da yamma a yi mata da safe.

Mai allurar ya zo da tulun naitirojin ɗaure a bayan babur, an naɗe shi da bargo. Sanyin cikinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifili, in ya buɗe murfin sai farin tururi ya gangaro ƙasa. Da ɗan hantsaki yake zaro tsinken, siriri kamar na tsintsiya, ya jefa cikin ruwan ɗumi mai digiri 35 na kusan rabin minti, ya goge shi tas, don ɗigon ruwa ɗaya na kashe iri. Ya sa a bindigar ƙarfe, ya cusa ta cikin rigarsa kada ta huce. Hannun hagu cikin safa har kafaɗa ta dubura ya kamo bakin mahaifa, na dama yana lallaɓa bindigar har ta wuce. Wasu Bunajin sun yi ta harbi, sai da muka ƙara itace a maƙalar.

25 ga Nuwamba, 2022

Likita ya duba ciki. Cikin 20, guda 10 sun ɗauka, 5 Brahman 5 Simmental. A wajen bijimi kuwa 7 cikin 8. Waɗanda ba su ɗauka ba kusan duk su ne marasa jiki. Mun mayar da su wurin bijimi.

20 ga Disamba, 2022

Watan nan duk na tara abinci ne. Harawar wake da ta gyaɗa sun hau rumfa, karan dawa an sare an jingine, gamba da kyasuwa da muka yanka tun Oktoba suna ɗaki.

Babbar dukiyar Daɗin Kowa ga mai shanu ita ce bambaron shinkafa, wanda manoma da yawa ke cinna wa wuta. Shi kaɗai cika ciki kawai yake yi. Mun haƙa rami muka shimfiɗa leda, kowane kilo 100 na bambaro muka yayyafa masa kilo 4 na takin yuriya da aka narkar a lita 100 na ruwa, yara suna tattakawa, sannan muka rufe ruf muka bi da ƙasa. Bayan mako 3 zai fito ruwan ƙasa-ƙasa, ya yi laushi, da wari mai hawa ido. Dole a baza shi ya sha iska kafin a ba dabba, kuma ba a ba ƙaramin maraƙi. Na gargaɗi kowa a kan buhun yuriyar kansa: saniya ta lashi ɗanyensa, ko ta sha ruwan da ya taru da shi, to sai wuƙa.

An yi rigakafin ciwon huhu da harbin daji da allurar cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Filato. An kuma ɗura maganin hanta, don duk mai shayarwa a bakin madatsar nan ya san katantanwar da ke ɗauke da tsutsar ba ta ƙarewa.

18 ga Afrilu, 2023

Watanni 3 na ƙarshen ciki su ne ɗan ke yin mafi yawan girmansa, kuma su ne suka faɗo tsakiyar bazara. Kowace mai ciki tana samun kwanon dusa gauraye da ƙulin auduga da yamma. Masu ɗauke da Simmental haƙarƙarinsu ya fara nunawa kafin na saura.

9 ga Yuli, 2023

Haihuwa ta kammala. Brahman 5, maza 3 mata 2, duk sun faɗo da kansu. Simmental 5, amma ɗaya mun rasa shi.

Wannan ɗin namiji ne, ya zo cikin dare. Ƙafafun gaba sun fito, kai ya maƙale. Baffa ya wanke hannu da sabulu ya shafa man gyaɗa ya shiga, ya gyara kan, muka ɗaura igiya a ƙafafun muna ja lokacin da uwar ke yunƙuri, muna sassautawa in ta huta. Ya fito harshe a waje, ya kumbura, babu numfashi. Da muka ɗora shi a sikeli kilo 38 ne. Uwar ta tashi bayan kwana 2, amma mabiyiya ta ƙi faɗuwa sai da likita ya zo. Duk wanda zai sa wa karsana ko ƙaramar Bunaji irin wannan jinin, ya fara tunanin wa zai tashi tsakar dare, kuma nawa ne nisan likita.

Muna auna jarirai da buhu da sikelin rataye a reshen darbejiya. 'Yan gida tsakanin kilo 22 da 25, na Brahman 27 zuwa 29, na Simmental 4 da suka rayu 30 zuwa 33. Kowanne mun tabbatar ya sha dakashi a sa'o'in farko, an kuma tsoma cibiya a aidin.

Na Brahman farare ne masu toka-toka, kunnuwa zuru-zuru har suna lilo. Na Simmental jajaye ne da farar fuska, tozon ɗan tudu kawai. Yaran unguwa sun yi ta zuwa kallo.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayu kuɗin ɗauko dusa daga Gombe ya tashi, dusar ma ta tashi. Lissafin da na yi bara ba zai tsaya ba.

12 ga Nuwamba, 2023

Ga abin da ba a cika faɗa wa mutum ba in ana tallar iri. Maraƙin da ke girma da sauri, daga jikin uwarsa yake ɗiba. Bokoloji 4 da ke shayar da 'yan Simmental sun zube duk da ciyawar damina, kuma har yau ko ɗaya ba ta koma neman sa ba. Cikin masu shayar da 'yan Brahman 2 sun koma, cikin masu 'yan gida 4. In uwa ta yi shekara 2 kafin ta sake haihuwa, kilo 30 ko 40 da ɗanta ya fi na maƙwabciyarta ba su rufe maraƙin da aka rasa a tsakani ba.

Mun fara raba 'ya'ya da iyaye da dare, su sha sau 2 a rana kawai, an kuma yi wa maruƙa ɗan keji mai ƙunƙuntar ƙofa inda suke cin dusa uwa ba ta iya shiga. Baffa ya yarda a daina tatsar waɗannan 4 gaba ɗaya. Ba ƙaramar sadaukarwa ba ce, don nonon na gidansa ne, na kuwa biya shi da hatsi.

10 ga Fabrairu, 2024

Yaye, suna wata 7. Matsakaicin 'yan gida kilo 98, na Brahman 124, na Simmental 141. Garke ne ƙarami, maraƙi ɗaya mai ƙwazo ko mai laulayi yana iya karkatar da lissafin, amma bambancin ido ma yana gani.

22 ga Afrilu, 2024

Zafi ya haura digiri 40 kwanakin nan. Na zauna a gindin gawo daga hantsi zuwa azahar ina kallon su a fili ɗaya.

Ƙarfe 10 'yan Simmental suka bar kiwo suka nemi inuwa. Suna tsaye ƙafafu a ware, kai a ƙasa, ciki yana bugawa da sauri, ɗaya har da dalala. 'Yan Brahman da 'yan gida suna can cikin rana suna tsintar 'ya'yan gawo da busasshiyar ciyawa har kusan 12. Gashin na Simmental ya fi tsawo da kauri, yana riƙe zafi, na masu tozo kuwa gajere ne mai sheƙi, kuma sun fi yin gumi. Dabbar da ta tsaya a inuwa awa 5 ba ta ci ba, to ba ta girma ba. Awon wannan watan ya nuna haka: 'yan Simmental sun tsaya cak, 2 ma sun ragu, 'yan Brahman sun ɗan ƙaru.

Mun canza tsari. Ana fita da su da asuba, a dawo da hantsi, a sake fita bayan la'asar. An kafa rumfar zana mai tsawo, an ƙara kwamin ruwa a cikinta. Duk wannan mai yiwuwa ne don muna zaune wuri ɗaya ga ruwa a kusa. Garken da ke tafiya kudu da rani ba shi da wannan gatan.

27 ga Agusta, 2024

Kirci ya zo. Baffa ne ya fara ji da hannu a gadon bayan wata karsanar Brahman, gashi ya tattashi tsibi-tsibi, in ka ja sai ya fito da ɓawo, ƙasan ja jawur. Cikin mako guda 3 daga 'yan Brahman 5 sun kamu, da 1 daga 'yan Simmental. 'Yan gida ɗaya ce kawai ta yi ɗan tabo a kunne, ya kuma bushe da kansa.

Ruwan sama mai jiƙa fata kullum da babbar kaskar nan mai zane a baya, mai dogon baki da ke maƙalewa a hantsa da ƙarƙashin wutsiya, su ne ke buɗe masa hanya. An ware masu ciwon a rumfa, likita ya yi musu oksitetrasaikilin mai dogon aiki, muna cire ɓawon muna ƙonawa. Feshin kaska ya koma mako-mako, bayan cirewa da hannu da ake yi kowace safiya.

Wani ɗan Simmental kuma ya kwana da zazzaɓi, da safe fitsarinsa ya yi ja kamar zoɓo. Ciwon kaska ne mai fasa jini. An yi masa Berenil da wuri, ya miƙe, amma ya yi mako 3 kafin ya dawo da cinsa. A littafin magani na bana, abin da ruwa-biyu 9 suka ci ya fi na sauran garken duka.

15 ga Disamba, 2024

Maza sun shiga turke: Brahman 3, Simmental 2, 'yan gida 3. An ba su maganin tsutsa da na hanta. Dusar masara da ƙulin auduga da ɗan gishiri da kanwa, a kan harawa da bambaron rami. Za a riƙa ƙara dusar kaɗan-kaɗan har mako 2, don in aka tula musu lokaci ɗaya ciki zai kumbura.

Wani dillali ya ce in riƙe su zuwa babbar Sallah. Ba zai yiwu ba. A mazhabar Malikiyya sa ba ya isa layya sai ya cika shekara 3 ya shiga ta 4, waɗannan kuwa ko 2 ba za su cika ba a lokacin. Mai saye zai buɗe baki ya ga haƙoran nono, komai girman jikin. Saurin girman da muka biya kuɗi muka samo ba kasuwar layya yake yi wa aiki ba. Kasuwarsa mahauta ne da masu watanda a ƙarshen azumi. Can muka nufa.

28 ga Maris, 2025

An sayar da 8 ɗin duka kafin ƙaramar Sallah. Awon ƙarshe: 'yan gida kusan kilo 240, Brahman 298, Simmental 331. A turke, inda akwai inuwa da sanyin hunturu da abinci a gaba, 'yan Simmental sun nuna abin da ke jininsu, sun haura kilo 1 a rana.

A tike labarin ya ɗan bambanta. Masu watanda da ido suke saye, sun fi zagaye 'yan Brahman, don fari ne, ga tozo, ga tsayi. Jan sa mai farar fuska marar tozo sai suka riƙa tambaya ko lafiyarsa ƙalau. Wani tsohon mahauci ne ya zo ya dafa cinyar ɗaya, ya matsa gadon baya da yatsu, ya kama gindin wutsiya, bai ce komai ba ya kira dillali gefe. Washegari ya aiko a gaya mini in akwai irinsa a ajiye masa, wai ƙashi kaɗan ne, tsoka ta yi yawa, naman kuma bai yi tauri a tukunya ba.

Da na cire abinci da magani da kuɗin allura, na kuma sa maraƙin da ya mutu da jinkirin haihuwar iyaye, Brahman ne ya fi barin riba a hannu. Simmental ya fi kawo kuɗi a kai ɗaya, ya kuma fi ci. 'Yan gida ba su ba ni kunya ba ko kaɗan: su ne mafi ƙarancin kashewa, kuma mafi kyawunsu ya kai kilo 262, wanda ya sa na koma na duba wace ce uwarsa.

6 ga Yuli, 2025

Mutum 2 daga rugagen da ke kusa sun zo neman in sayar musu da ɗan bijimi ruwa-biyu daga haihuwar bara. Tun da aka kafa ma'aikatar kiwon dabbobi ta tarayya a 2024, ga kuma maganar makiyayar Wawa-Zange ta nan jihar Gombe da ake ta yi, batun inganta iri ya shiga bakin kowa. Ina murna da haka. Tsorona ɗaya: raba tsinken iri ya fi tara abincin bazara sauƙi, kuma shi ya fi daɗin nunawa.

Baffa ne ya amsa musu da Fulatanci, daga baya ya fassara mini. Ya tambaye su ko za su iya feshi duk mako da damina, ko suna da rumfa, ko za su bar nonon uwa ga ɗa. Ɗaya ya ce shi da rani Taraba yake tafiya. Baffa ya ce masa to ya nemi Bokoloji mai kyau, ya fi masa. Ɗayan yana zaune wuri ɗaya, yana noman shinkafa da wake, shi mun yi alkawarin ba shi ɗan Brahman bayan yaye.

20 ga Satumba, 2025

Karsana 4 na farko sun isa barbara suna wata 26, 'yan Simmental 2 ma tun kafin su cika shekara 2 suka fara nema. 'Yan uwansu na gida sai baɗi ko gaba.

Mai allura ya ba da shawarar a sake sa musu Simmental, 'ya'yan su zama kashi 3 cikin 4. Na ƙi. Rabin jini ma ga yadda Afrilu ta yi da su. Kuma galibin inda aka yi nasarar kafa irin nama a ƙasa mai zafi, an bar jinin shanu masu jure zafi da yawa a ciki. Santa Gertrudis na gandun King Ranch a Texas, wanda aka amince da shi a matsayin iri a 1940, kashi 3 cikin 8 Brahman ne, 5 Shorthorn, kuma Texas tana da hunturu na gaske. Bonsmara da Farfesa Jan Bonsma ya haɗa a Afirka ta Kudu kashi 5 cikin 8 Afrikaner ne na gida, Hereford da Shorthorn suka raba sauran. Barazil, mai fitar da nama zuwa duniya, mafi yawan garkenta Nelore ne mai tozo, wanda suka yi ta zaɓe a cikinsa har ya zama abin da ya zama. Haɗa ruwa-biyu da ruwa-biyu ma ba mafita ba ce a ƙaramin garke, don rabin ƙarfin gaurayen yana zubewa a jikoki, 'ya'yan kuma su fito kowanne da kamarsa.

Abin da muka tsayar: karsanan Simmental 2 za su je wa bijimin Bokoloji, 'ya'yan su zama kashi 1 cikin 4. Na Brahman, wadda ba ta yi kirci ba za ta zauna, wadda ta yi sau 2 za ta shiga turke a Disamba. Mafi kyawun Bokoloji 10, ciki har da uwar mai kilo 262, ba za a ƙara sa musu baƙon iri ba, su ne za su riƙa haifa mana iyayen gobe, kuma ina neman sabon bijimi daga garken da ba danginmu ba. Simmental zai tsaya a kan manyan shanu 4 kacal, duk abin da suka haifa, mace ko namiji, na yanka ne.

Ramin bambaro na biyu za a fara haƙa shi da zarar an yanke shinkafa. An shuka lablab, wani wake na abincin dabba, a kadada 1 bayan rumfa, ya rufe ƙasa, za mu yanke shi in ya fara fure. Duban ciki ranar 25 ga Nuwamba.